Kakar Albasa Ɗaya

A Aliero na fara jin sa,
ranar kasuwa, ina ɗinke bakin buhu.
Hantsi direban tirela, mai lodi zuwa Fatakwal,
ya jingine wayarsa a kan taya, ya ƙure murya.
Na zaci injin markaɗe ne ya haɗiyi tsakuwa.
Sai ƙarar ta lanƙwasa, ta sirance,
ta shige min ƙarƙashin haƙarƙari.
Basilla ta soke ni a babban yatsa, ban ji ba.

Na ce, wane ne wannan?
Ya ce, Jabbo Tsawa, mai jita.
Ɗari biyu na ba mai tura waƙoƙi
ya cika min katin waya da shi.

A hoto, sumarsa kamar sheƙar shamuwa,
baƙar rigar fata cikin zafin bazara,
ya shaƙe wuyan jitar nan
kamar yana bin ta bashi.

Na yi gaba da wanzami.
Na samo galan ɗin man gyaɗa da reshen darbejiya,
da dare na kwance wayar birkin babur ɗin Manu.
Da safe Manu ya faɗa kwata,
har yau bai san wanda zai zaga ba.
Inna Tumba ta leƙo zaure, ta saurara,
ta ce, "Arzika, in kare ka ɗaure, sake shi."

Wata uku ina tafiya irin tasa,
kafaɗa ɗaya a ƙasa, ido a can nesa.
Na san garin da aka haife shi,
na san tabon da ke haɓarsa,
ban san kuɗin buhu ya faɗi ba
sai da ubangidana ya daka min tsawa ta gaske.

Daga nan aka ce ya shiga fim.
Na yi wanka, na biya hamsin a gidan kallon Ɗan'ige,
na zauna benci na gaba.
Janareto ya mutu sau biyu kafin ya fito.
Ga shi: kai aske tas, farar riga, tabarau.
Likita.
Ya fito daga wani ɗaki, ya cire tabarau a hankali,
ya ce, "Mun yi iya ƙoƙarinmu."
Shi ke nan. Aka koma kan masu kuka.

A na biyu dillalin filaye ne, har da tumbi.
A bangon falonsa na hango jita
an rataye ta tsakanin agogo da kalanda.
Na jira ya miƙa hannu.
Awa biyu na jira.
Ruwan leda kawai ya ɗauka.

Ban yi fushi ba, kada in yi ƙarya.
Mutum ya nemi tuwonsa inda ya ga hayaƙi.
Abin dai ya sake ni ne a hankali,
yadda warin albasa ke barin hannu:
ba ka sanin ranar da ya tafi.

Da yayata Kulu ta haihu, waya ta ce babu wuri.
Na goge shi, waƙa talatin da ɗaya,
na ɗauki jariri hoto yana hamma.
Wanzamin da ya zo suna ya haɗa da kaina.
Galan kuwa na huda gindinsa,
da shi nake ba iri ruwa a fadama.

Jiya Hantsi ya dawo da wani sabon mawaƙi.
Ya ce, ina mutuminka?
Na ce, wanne?
Da gaske na tambaya.

Sai dai wani lokaci, da yamma,
in injin ban-ruwa ya shaƙe, ya yi wannan dogon kuka
kafin ya mutu,
yatsun hagu na kan motsa da kansu
a jikin igiyar buhu.
In dube su, in ci gaba da ɗinki.